Ƙaho a Hannun Labbo

Sau biyu a mako Riskuwa take kai mijinta Labbo wankin ƙoda, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Wata bakwai ya yi da robar wankin a wuya, tana ruwa tana wari, kafin likita ya haɗa masa jijiya a hannun hagu, inda za a riƙa soka allurar injin. Jijiyar ta tashi ɓul, in ka ɗora yatsa sai ka ji tana zir-zir kamar zuma a cikin gora. Nas Vivian ta ja wa Riskuwa kunne: "Wannan motsin shi ne ransa. Ko agogo kada a ɗaura a nan."

To, ciwo dai na mutum ɗaya ne, amma likitocinsa duk dangi. Tun ranar da Tamba, yayan Labbo, ya taɓa hannun ya yanke hukunci: mugun jini ne ya taru.

Ran Laraba Riskuwa ta dawo daga niƙa ta tarar da Hodi wanzami a zaure, yana goge aska a gefen wandonsa. Ga ƙaho yashe a ƙasa da yawu a bakinsa, ga gudajin jini a tsingaro, ƙudaje sun yi masa baƙi. A kan jijiyar Labbo aka yi tsagar, jinin ya ƙi tsayawa, don haka aka ɗaure hannun tamau da tsumman da ake share zabira. Shi ko Labbo, sarkin kunyar yaya, ya kau da kai kamar hannun na aro ne. Riskuwa ta juya wajen Tamba.

"Yaya, mi kunka yi hakanga?"

"Ke dai yi godiya," in ji Tamba. "Dubi baƙin jinin da yaf fita. Wata nawa kuna zarya asibiti, sun fid da shi?"

Ta durƙusa ta kwance tsumman, ta ɗora yatsa inda ta saba ɗorawa kowace safiya. Shiru. Ta matsa sama, ta matsa ƙasa. Shiru. Warin robar wuyan nan ya dawo mata a hanci tun ba a mayar da ita ba.

Tamba ma ya miƙo hannu ya taɓa, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Kin ji ko? Abin ya bar motsi."