Ƙahon Kan Iyaka

"Wa ya tsattsaga mashi ƙafar nan?"

Malama Hafsat, ma'aikaciyar lafiya da aka kira daga Gazawa, ta ɗaga tsumman da aka rufe ƙafar da shi ta mayar da sauri. Na'Allah na kwance bisa tabarma a zaure, ƙafarsa ta dama kamar turmi, duk ta sha aska, ruwa na tsattsafowa.

Maharazu, maƙwabcinsa gida da gona, shi ya ɗauko wanzamin da ya yi tsagar a moto, babur ɗinsa, ran Laraba. Ya dubi ƙasa.

"Sammu ya taka, Malama," in ji Tala, matar Na'Allah, daga bakin ƙofa. "Aka ce a fidda mugun jinin."

"Inna, wannan kumburin tundurmi ne, sauro ke kawo shi, sau nawa za mu faɗi? Shekara sha ɗaya shina noma da ƙafar nan ba ta kayar da shi ba. Tsagar ce ta ruɓe ta shiga jini." Ta yi masa allura, ta fita neman motar da za ta kai shi Maraɗi.

Sauro? Maharazu bai ma saurara ba. Wa sauro bai ciza ba a garin nan? Shi ya san abin da ya sani. Shekara goma sha ɗaya baya, ɓarayi suka dame shi da yanke masa zangarniyar gero. Wani boka ya ba shi ƙahon akuya cushe da magani, ya ce duk wanda ya taka, ƙafarsa za ta tona shi. Ya binne a gindin gamban da ya raba gonarsa da ta Na'Allah. Kafin damina ta zagayo, ƙafar Na'Allah ta fara hawa.

Tun daga nan yake taya shi noma, yake kai shi kasuwa, bai taɓa buɗe baki ba. Yau ko mota ta zo ko ba ta zo ba, ya ga abin da ya gani a idon mutumin. In bai roƙi gafara yanzu ba, sai a lahira.

Tala ta shiga dama fura. Maharazu ya matso.

"Na'Allah, kana ji na? Ni na yi maka. Ƙaho na binne kan iyaka, shi ka taka. Don Allah ka yafe mani."

Na'Allah ya buɗe ido da ƙyar. Kafaɗarsa ta girgiza. Maharazu ya zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Ƙahon akuyar nan? Kai, Maharazu, wawa. Ina bisa gawo ina sarar ma tumaki ganye sa'ad da ka binne shi. Kana juya baya na tone."

"Ka tone?"

"Na mai da shi bakin rumbunka. Kullum bisa shi kake wucewa." Ya ja numfashi. "Ina taka ƙafar? Ɗaga mu gani."

Maharazu ya dubi ƙafafunsa. Sirara, busassu, faso kawai.

"Na yafe ƙaho," in ji Na'Allah. "Ba ni ruwa."

Maharazu ya tafi randa. Yana ɗiba maganar Malama ta faɗo masa: tsagar ce. Ya tsaya da moɗa a hannu, ya tuno wanzami zaune bayan motonsa, zabira a kafaɗa.

Ya dawo da sauri.

"Na'Allah, saura ɗaya. Wanzamin nan, ni na..."

Bakin Na'Allah a buɗe yake, yana jiran ruwa. Ƙuda ya sauka a leɓensa, bai kore shi ba.

Motar ta iso ana wankan gawa. Bayan la'asar aka kai shi. Maharazu ya kama makara, ya zuba ƙasa, ya amsa gaisuwa, duk kamar wani ne ke yi.

Da mutane suka watse Tala ta turo masa takalman mamacin, ta ce ya ba mabukaci. Ya zauna a zauren ya jera su gabansa. Na hagu ya cinye har ya huje. Na dama sabo fil, ko ƙura bai taɓa gani ba.