Tukwicin Malama Lizel

Na yi kusan shekara arba'in ina hidimar baƙi a wani masaukin baƙi mai wankan ruwan zafi a garin Kinosaki, nan ƙasarmu Japan, saboda haka idan ana zancen tukwici, ba ɗan da na haifa da cikina ne zai koya mini ba. Amma ɗan nawa, Shinpei, ya gwada sa'arsa. Tun muna layin shiga jirgin ruwa a Yokohama ya hango ƙaramin ambulan ya leƙo daga jakata, sai ya matso kusa da kunnena ya ce wai an riga an cire kuɗin hidima a cikin kuɗin tikiti, kada in je in ba shi kunya. Na ce masa abin da na'ura ta cire ba godiya ba ce, haraji ne. Matarsa Kanae ta yi kamar tana gyara wa jariri hula don ta ɓoye dariya.

Shi ya biya mana tafiyar, wai in huta, tunda ban taɓa kwanciya a shimfiɗar da wani ya gyara mini ba. Na yarda, amma ba don hutun ba. Don Nagi na zo. Jikata ce, shekararta biyar, kuma tun da aka yi mata ƙane ta koma wata iri. Ba ta kula baƙo, tana cin farce har ya yi jini, ko banɗaki uwarta ta shiga sai ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Kanae ta rame, idanunta sun faɗa. Na ce a raina in dai yarinyar nan za ta yarda da ɗakin yara na jirgi, ko na rabin wuni ne, ai uwar ta samu barci.

Ɗakin yana can hawa na sama, bangonsa na gilashi ne don iyaye su riƙa leƙe. Masu kula da yaran kowa da rigar aiki ruwan ɗorawa mai babban aljihu a gaba, irin wadda ake ɗorawa a kan kaya. Da muka je Nagi ta ƙanƙame ƙafata kamar za a yanka ta. Wadda ta fito tarbarmu 'yar Filifin ce, sunanta Lizel, Japanancinta yana ɗingishi amma yana kai ta inda za ta. Ba ta ja yarinyar ba, ba ta ma kalle ta ba. Zama ta yi a ƙasa ta ciro takarda mai launi ta fara ninka ta tana yin siffar kwaɗo, kuma da gangan ta yi shi a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Nagi ta jure, ta jure, can ta kasa. Ta saki ƙafata ta je ta karɓe takardar ta ce ba haka ake yi ba. Rabon da in ji muryarta a gaban baƙo har na manta.

Ni da na san aiki, na san na ga mai aiki.

To mu a masauki ranar isowa ake ba da tukwici, ba ranar tafiya ba. Na ranar tafiya ladan aiki ne, kowa ma ya iya. Na ranar isowa kuwa roƙo ne, kana cewa ga mu nan mun zo za mu wahalar da ke, ki yi haƙuri da mu. Sababbin takardun kuɗi ake sawa, waɗanda ba su taɓa lanƙwasa ba, a rubuta suna da hannu. Mai karɓa kuma ba ta miƙa hannu da fari. Za ta ƙi sau ɗaya, ta ƙi sau biyu, sai a na uku ta karɓa da hannu biyu tana sunkuyawa. Wadda ta cafke tun a miƙawar farko, a san daga gidan da ta fito.

Da yamma na je ɗaukar Nagi da ambulan ɗina a shirye, sunan Lizel a gaba, a baya kuma na rubuta cewa daga kakar Nagi ne, a kula mana da ita. Na tarar ta tashi daga aiki, har ta cire rigar ta rataye a ƙugiya. Na miƙa mata. Ta ɗaga hannuwa ta ce a'a. Na sake miƙawa, ta mayar da hannuwanta baya.

"Kaka, an hana," ta ce. "Da gaske an hana."

Na yi murmushi. Ai mu ma haka muke cewa. Mai masaukinmu har allo ya kafa a zaure cewa ba a karɓar komai, kuma babu baƙon kirki da ya taɓa kula allon. Na miƙa na uku, ta ja da baya. Na huɗu ma haka. Raina ya yi fari, na ce kai, wannan yarinya ta samu tarbiyya, ta ma fi 'yan matan yanzu na gida. Da ta juya ɗauko wa Nagi takalma sai na zura ambulan ɗin can ƙasan aljihun rigar da ke rataye, ƙarƙashin takardun naɗi. Ni ma sau nawa baƙi suka cusa mini a hannun riga suka wuce. Na sauko ina jin daɗin kaina.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi kyau. Nagi ce take tashina da safe wai za ta makara wajen Malama Lizel. Idan na leƙa ta gilashi sai in gan ta manne da matar, ko a cinya ko riƙe da gefen riga. Kanae ta yi barci har fuskarta ta ciko. Shinpei ya ce ɗakin yaran nan ya yi, na ce masa akwai abin da ya sa ya yi, amma ba kowa ke gani ba.

Washegarin tashinmu daga Kagoshima muka hau sama ba mu ga Lizel ba. Wani saurayi a bakin ƙofa ya ce an canza mata wajen aiki, bai ƙara komai ba. Nagi ta juya ta sa yatsa a baki, muka dawo. Da rana a ɗakin cin abinci na hango Lizel cikin wasu kaya daban tana kwashe kwanuka. Na bi ta har wajen da ake zuba su na tare ta.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko ɓata fuska ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ta ce masu wanki ne suka tsinci ambulan a aljihun rigarta suka kai wa shugabarsu. Ita ba ta ma san yana ciki ba. Ta faɗa musu ta ƙi karɓa, amma ga abu a aljihunta da sunanta a jiki. Kwantiraginta zai ƙare idan mun koma Yokohama, kuma an ce mata da wuya a sabunta. Tana da ɗa a Iloilo, can ƙasarsu, wajen mahaifiyarta, da wannan aikin take riƙe su duka.

"Kaka, ai na ce miki an hana," ta ce, ta ɗauki kwanukanta ta wuce.

Da na faɗa musu a ɗaki, Shinpei ya buɗe baki zai ce dama ya faɗa, na dube shi sau ɗaya ya rufe. Sai ya koma cewa zai aika wa kamfanin saƙo idan mun sauka. Na ce kafin saƙonsa ya samu mai karantawa yarinyar tana gida tana neman aikin wanke-wanke. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ni na ɓata, ni zan je. Na ciro kimono, kayan adonmu na gargajiya, wanda na zo da shi don liyafar kyaftin, Kanae ta taya ni ɗaure ɗamara. Ba a zuwa ba da haƙuri da kayan shan iska.

Shugabar tasu 'yar ƙasarmu ce, sunanta Kuroiwa, mace mai gajeren gashi da maganar mutanen Tokyo. Ofishinta ko taga babu. Ta ba ni kujera na ƙi zama, sai da na sunkuya na ba da haƙuri yadda ya kamata, irin sunkuyon da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mai masaukinmu. Sannan na zauna.

Ta yi mini bayani ba tare da kwana-kwana ba. Mai kawo abinci ko mai gyaran ɗaki, idan baƙo ya ba shi wani abu, ba ruwan kowa. Masu kula da yara ne aka hana, domin ido biyu ne a kan yara da yawa, kuma idan aka sayi idon ya koma kan ɗa ɗaya, na wasu ne a cikin haɗari. Ta ce shekaranjiya wani yaro ya faɗo daga abin zamiya ya ƙuje haɓa, uwarsa ta zo tana faɗa cewa malamar wuni take da yarinya ɗaya a cinya. Ana cikin haka sai ga ambulan, da sunan yarinyar a bayansa da roƙon a kula da ita. Na ji kamar in nutse, amma ban zo nan don in nutse ba.

Na ce mata Lizel ba ta karɓa ba, ni na zura da hannuna. Ta ce duk wanda ya bayar haka yake cewa idan abu ya ɓaci, don tausayi.

"Kuroiwa-san," na kira ta da girmamawa, na ce, "idan baƙo ya kawo wa mahaifiyarki tsaraba, sau nawa take cewa a'a?"

Ta ce sau biyu.

"To yarinyar nan sau huɗu ta ce, hannuwanta a baya. Ke da kin ga haka me za ki ɗauka?"

"Zan ɗauka ba ta so."

"To ni tsohuwar mai hidima ce, na ɗauka ta fi kowa ladabi. Ita gaskiya take faɗa mini, ni kuma ina ta yaba tarbiyyarta. Idan akwai wadda za a sauke daga jirgin nan, ga ni."

Ta rufe baki da hannu, na ga kafaɗunta suna motsi. Da ta natsa ta ce kakarta ma ta taɓa bin wani likita har mota da kwalin kankana. Daga nan na san ta yarda. Ta buɗe durowa ta ciro ambulan ɗin, ya ɗan yamutse, ta ajiye a gabana ta ce sai na karɓi abina a gabanta kafin ta iya cewa an mayar. A duk shekarun da na yi ban taɓa ganin wanda ya ba da kyauta ya sa hannu ya ɗauke ba. Amma na miƙa hannu. Na ɗauka na sa a ɗamara.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Kuroiwa ta ce ita ta gamsu, amma uwar yaron nan ta ji labarin ambulan, kuma ta lashi takobin kai ƙara sama. Idan gobe ta leƙa ta ga Lizel ta dawo, Nagi na cinyarta, babu bayanin da zai shiga kunnenta, kuma ƙarar iyaye ita ke kashe kwantiragi. Ta yi shiru tana kallona. Ba za ta iya korar ɗan baƙo da bakinta ba, na san wannan shirun, ni ma na sha yin irinsa.

Na ce ta mayar da Lizel bakin aikinta, Nagi ba za ta sake shiga ɗakin ba har mu sauka. Na faɗa ba tare da na tambayi iyayenta ba, domin na san idan na fita tambaya ba zan dawo da wannan amsar ba. Kuroiwa ta miƙe ta sunkuya mini.

Da Kanae ta ji, ta daɗe tana kallon 'yarta. Shinpei ya ce a gaya wa Nagi an rufe ɗakin don gyara. Na ce yarinyar tana da ido, kuma ƙarya ba za ta yi kwana ɗaya a jirgin da kowa ke bin hanya ɗaya ba. Na ja ta muka fita baranda, na durƙusa duk da ciwon gwiwoyina, na faɗa mata yadda abin yake, daidai hankalinta. Na ce na ba Malama Lizel abin da aka hana, aka ɗauka ta fi son Nagi saboda shi, kuma idan aka sake ganinsu tare za a kore ta, ɗanta ya rasa abinci.

"Ba ta sona ne?" ta tambaya.

"Tana sonki. Tun kafin in yi shirmena take sonki. Laifin Kaka ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya mini baya tana kallon ruwa, kuma ranar ba ta sake ce mini uffan ba. Na so a ce ta yi kukan.

Da safe na ce mu je mu ga tsibirin Jeju daga saman jirgi. Hanyar dole ta gaban ɗakin yara take bi. Lizel tana ciki da rigarta ruwan ɗorawa, ta tara yara a ƙasa suna waƙa da tafi, har da yaron mai filasta a haɓa. Nagi ta tsaya ta manna goshi da gilashi. Na bar ta, na koma gefe. Can Lizel ta ɗago ta gan ta. Tafin ya tsaya a hannunta, ta yunƙura za ta tashi ta nufo ƙofa.

Nagi ta ja da baya da sauri, ta girgiza mata kai.

"Mu tafi, Kaka," ta ce. "Idan ta fito za a kore ta."

Na miƙa mata hannu, ba ta kama ba. Ta wuce gaba ita kaɗai, ina bin ta a baya.