Kalmar Sirrin Hajiya Lauratu

A shekarar 1988 aka kawo kwamfuta ofishin rabon irin auduga da ke Funtua, aka damƙa ta a hannun Isaiah, don shi kaɗai aka tura kwas Kaduna. Tun daga ranar ya fara tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ya ba kowane ma'aikaci suna da matsayi a cikin na'urar: wani ya duba kawai, wani ya duba ya rubuta. Babban mabuɗi kuwa, wanda ke buɗe ɗakin kowa, ya riƙe wa kansa. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya ishi kowa da ita: ka zaɓi kalmar sirrin da bakinka ba zai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba a yi wata ba kalmomin suka zama kamar fartanya, kowa na ara wa maƙwabcinsa. Sannan manaja, Alhaji Sada, ya ji labarin wai ƙaramin ma'aikaci na riƙe da mabuɗin da ya fi nasa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya karɓe, ya sa tasa kalmar, ya tafi aikin hajji da ita a ka.

Ana cikin haka damina ta sauka. Sunayen manoman Maska da za a raba wa iri suna kulle cikin na'urar a ɗakin Hajiya Lauratu, babbar mai buga tafireta, ita kuma ta faɗo daga babur tana kwance wurin mai ɗori a Malumfashi. Motoci uku na tsaye da lodi. Mataimakin manaja ya ce in Juma'a ta yi ba su tashi ba, Isaiah ya koma gonar ubansa ya riƙa ba jakuna matsayi.

Tsoro ya kama Isaiah sosai. Ya shiga motar ofis, direba Abdussamad ya ja, wanda shi ne ɗan farin Hajiyar.

Sun same ta a kan tabarma, ƙafa ɗaure da karare. Isaiah ya yi sannu, ya yi ya jiki, ya kawo bukatarsa. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ya ce ai shi ya kafa dokar, yau ya ɗage ta. Ta ce ba ruwanta da dokarsa. Ya miƙa mata takarda da biro, ta ture, ta ce rubutawa a gaban mutane ai duk faɗa ce. Mutumin da ke tafiya da ƙwai sai ga shi durƙushe yana haɗa ta da Allah.

"Hajiya, aikina ne zai tafi."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Malam Isaiah, kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Ka tambayi wancan, mai tuƙin mota, yadda ake kiransa."

Nan take Isaiah ya gane. Shi kansa ɗan fari ne, kuma har yau uwarsa Salome ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a coci sai dai ta ce "yaron nan". Abdussamad kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, ƙato da shi, gemu har ya fara tsiro.

Suka koma Funtua, Isaiah ya buga sunan, ɗaki ya buɗe. Ranar Alhamis motoci suka tashi.

Da Hajiya ta warke ta dawo tana ɗingishi, Isaiah ya koma halinsa. Ya tare ta ya ce kalmar ta fita, har masinja ya sani, dole a canza yau. Ta zauna gaban na'urar, ta ɗora jaka a cinya, ba ta taɓa komai ba.

"Shekara ashirin da shida ban kira sunan nan ba," in ji ta a hankali. "Na'urarka ba ta nuna abin da na buga, ba ta kuma faɗa wa kowa. Kullum da safe ina kiransa sau ɗaya. Shi za ka hana ni?"

Isaiah ya buɗe baki zai kawo abin da aka koya masa a Kaduna, sai ya fasa. Ya juya mata baya, ya tsaya yana kallon taga har ta gama bugawa.