Kifin da Nafi Ta Bar Mana

Maigidana Haidar yana da tankin kifin ruwan gishiri a falonmu na unguwar Al Qusais a Dubai, kuma in gaskiya za a faɗa, tankin nan ya fi ni samun kulawa. Injiniya ne. Yana dawowa daga aiki zai tsuguna gaban gilashi ko takalmi bai cire ba, yana duba duwatsun da ya yi shekaru yana jerawa. A cikin kifayen akwai wani rawaya shar, irin da masu sayarwa ke kira tang, faffaɗa kamar tafin hannu, da wata ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiya. Ni na raɗa masa suna Dagaci, don ba kifin da zai gifta ƙofar kogonsa bai sha kora ba.

A shekarar 2009 aiki ya tsaya wa mutane da yawa a Dubai. Kamfanin da Rabiou, mijin ƙawata Nafi, yake wa aiki ya rufe, aka soke musu biza, dole su koma Maraɗi. Sun rabu da kayan gidansu har da tankinsu, sai kifi ɗaya Nafi ta ce allambaram. Shi ma tang ne, shuɗi mai duhu, tana kiransa Shuni. Ranar tafiyarsu suka hawo da shi a leda, tasi na jira a ƙasa.

"Ƙawata, amana na kawo miki," in ji Nafi, idonta jawur. "Vraiment, gaskiya na kasa sayar da shi. In Allah ya maido mu zan karɓa."

Na ce na karɓa, kuma a gaban mazajenmu biyu na faɗa.

Haidar ya san ƙa'ida sarai, don ya sha cika mini kunne da ita. Ba a jefa sabon tang a kan tsoho. Sai an fara ware shi a ɗan akwatin roba mai huji-huji a cikin ruwan, su ga juna ba su taɓa juna ba. Akwatin ma yana nan ƙarƙashin tanki. Amma da ya dubi Rabiou, babban mutum ya tsaya da jakar tafiya a kafaɗa, sai kunya ta kama shi. A ganinsa sa kifin baƙo a roba a gaban mai shi wulaƙanci ne.

"Haba, Alhaji, kifinka ai ɗan gida ne," ya ce. Ya ɗan jiƙa ledar a ruwan, ya kwance ta ya juye.

Suka yi mana godiya suka sauka. Ba na jin tasinsu ta kai babban titi Dagaci ya far wa baƙon. Ya bi shi lungu-lungu, ya juya masa wutsiya yana sara. Kafin gari ya waye Shuni ya maƙale a sama bayan famfon ruwa, da yanka a gefensa, ba ya ko kallon abinci.

Na kira Haidar da sunan 'yarmu, na ce, "Abban Barira, kifin nan zai mutu."

"Za su daidaita. Dagaci ne na farko a nan, dole ya nuna masa."

Ba su daidaita ba. Da yankan ya zama biyu sai ya zo mini da dabara, yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mai ji.

"Mu kai shi shagon masu sayar da kifi na Al Warsan, khalas, shi ke nan. In sun dawo, kuma Allah kaɗai ya san ko za su dawo, sai in sayo wani irinsa. Wa zai gane?"

Raina ya ɓaci matuƙa. Kunyar idon Rabiou ta sa ya jefa kifin a halaka, yanzu da idon ya bar ƙasar kuma ba sauran kunya. Na ce masa ni zan gane. Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Ranar ina hutu daga kantin maganin da nake aiki. Na wanke babbar robar da muke ajiyar ruwa, na cika ta da ruwan tankin, na sa mata famfon iska. Dagaci ba ya kamuwa sai an kwashe duwatsu, to na kwashe su, ɗaya bayan ɗaya, har kogon nasa. Ya sha ni da wutsiya a yatsa, jini ya zuba, ko a jikina. Na tsoma shi a roba, na sake jera duwatsun yadda ko Haidar ba zai gane su ba, balle kifi. Duk wannan daga bakin Haidar na koya: a fitar da mai faɗan na ɗan lokaci, a rushe masa gida, in ya dawo ya dawo a baƙo.

Da ya shigo da yamma ya tsaya turus a bakin ƙofa.

"Muhsinat, me kika yi?"

"Abin da kake koya wa mutane."

"Tankina ne. Yalla, maza maido shi yanzu."

"Tankinka ne, ban musa ba. Amma ni aka ba amana, kuma kana tsaye na karɓa. Ba zai koma ba sai Shuni ya warke."

Ya ɗaga murya, na tsaya gaban robar na riƙe ƙugu. Ya ce na raina shi. Na ce in hana shi yi wa Rabiou ƙarya ne raini, to na raina shi. Daga nan ya ɗauke mini wuta, ko sannu ba ya yi mini. Na ci gaba da zuba masa abinci, ina ciyar da kifayena biyu.

Shuni ya sauko daga bayan famfo, ya fara cizgar ganyen teku, yankan ya rufe ya bar farin tabo. Da na ga ya murmure sai na rage hasken tanki, na maƙala ganye a gefe biyu don kowa ya ci nasa, na manna madubi a jikin gilashi ko Dagaci zai shagala da faɗa da hotonsa. Haidar yana zaune da jarida, wai ba ya kallo. Na saki Dagaci a tankin.

Ya ɗan yi ɗari-ɗari, ya kai wa madubi sara, har na fara jin daɗi. Can ya hango Shuni, ya nufe shi kai tsaye kamar bai taɓa barin gidan ba. Na jefa raga na raba su.

Haidar ya ajiye jarida. "Kin gani ko? Na bar ki kin yi duk abin da kike so. Tankin ya yi musu kaɗan. Dole ɗaya ya tafi."

"Haka ne."

"To sai ki ɗauko leda."

Na ɗauko ledar, na haɗa da raga na miƙa masa. "Ɗaya ne namu a cikinsu, Abban Barira. Shi kaɗai muke da ikon bayarwa."

Ya dubi ragar, ya dube ni. Na ga ranshi ya sosu, kuma wallahi nima na ji zafi, don na san yadda yake son kifin nan, da hannunsa yake ba shi abinci. Amma ban janye hannuna ba.

Shi da kansa ya kama Dagaci. Muka tafi Al Warsan, ni na tuƙa, ledar tana kan cinyarsa ya tallabe ta da hannu biyu saboda gargada. Mai shagon ya karɓa, Haidar ya tsaya yana yi masa bayanin abin da kifin ke ci da abin da ba ya so, har mutumin ya ƙosa ya ce, "Khalas, habibi, na ji."

A hanyar dawowa ya kafe ido a taga. Sai da muka kusa gida ya ce, "Kin yi nasara. Ko haƙuri ba za ki ba ni ba?"

Na ce, "Na duwatsunka da na rushe, ka yi haƙuri. Na kifinka ma ka yi haƙuri, na san ya yi maka ciwo. Amma in gobe aka sake kawo mini amana, haka zan sake yi."