Tsakuwar Gidaɗo

"Ai Bayahude ne. Kowa ya sani, ba su dai taɓa rubutawa ba ne."

Da Turanci aka yi maganar, kuma ba da Kubura ake ba. Wasu maza biyu ne a laburaren unguwarsu a Levenshulme, suna tonon kwalin tsofaffin littattafan da ake rabarwa, don council, hukumar gari, ta yanke kuɗi, an rufe benen sama. Ita tana durƙushe a bayansu tana jiran su matsa. Ɗayan ya ɗaga wani komik, irin labarin nan na zane, ya nuna wa ɗan uwansa, ya wurga shi cikin kwalin, suka wuce.

Ta ɗauka. Gidaɗo ne a bangon.

Ba shi ne sunansa a littafin ba. Ita ta raɗa masa tun tana 'yar aji ɗaya a sakandare, don tsayinsa da ramarsa irin na kakanta da ta taɓa gani sau ɗaya a Gombe. Tela ne a labarin, mutum mara magana, amma kunnensa yana jin faɗuwar mutum kafin mutumin ya faɗi. Ko daga wane bene ka suɓuto, kafin ka kai ƙasa yana nan ya tare ka. Ya dire ka, ya gyara maka kwalar riga, ya koma kan keken ɗinkinsa.

Kuma Musulmi ne. Wannan Kubura ta daɗe da ganewa, ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ya cin naman alade. Mahaifiyarsa kullum da ɗankwali. Akwai littafin da yake buɗewa ta dama. Akwai ranar da ya wuni yana aiki, aka miƙa masa ruwa ya ce sai rana ta faɗi. Da babansa ya rasu kuwa, wanka aka yi masa, aka sa shi a farin ƙyalle, aka kai shi ba jira, sannan suka zauna a ƙasa suna karɓar gaisuwa har kwana bakwai. To me ya rage? Abu ɗaya ne ya taɓa ɗaure mata kai, 'yar tsakuwar da yake ɗorawa a kan kabarin duk zuwa. Ita ma ta samo mata dalili: alama ce yake sawa don kada kabarin ya ɓace, kamar yadda ake yi a gida.

Da wannan sanin ta gama makaranta. Lokacin da 'yan mata ke cin abinci rukuni-rukuni, ita tana lungu da Gidaɗo. Shi ma ai yana da sunan waje da sunan gida, shi ma shiru yake yi a bar shi.

A gidansu kowa da inda ya dosa. Abba akanta ne, Umma tana aiki a asibiti, Yaya Sunusi yana uni, wato jami'a. Ita sakamakonta bai kai ba, sai ta samu aiki a wani shago a Stockport Road, inda sai an yi mata text a waya take sanin ko da aiki gobe.

"Yau kuma an samo sabon hoton angon?" in ji Sunusi da ya ga komik ɗin a hannunta. "Kubura, mutumin nan takarda ne fa. Ko likitan GP ba shi da shi."

"Yaya, ka ƙyale ni."

"Na ƙyale ki. Ki dai ce ya turo magabatansa."

Ba ta yi dariya ba. Kalmar ce ke yawo a kanta. A gidansu ba ta taɓa jin an faɗi Bayahude da daɗin baki ba. Ko dai Anti Turai ce ke kiran mai gidan hayarta da shi, alhali mutumin ɗan Jamaika ne, ko kuma labarai ake a talabijin, Abba ya yi tsaki ya canza tasha. Kullum wasu ne can, waɗanda ba sa son mu. Idan haka ne, duk shekarun nan da take ɓuya a bayan Gidaɗo, a bayan wa take? Wayarta tana aljihu, da ta duba da ta sani. Ba ta duba ba. Ta sa littattafan Gidaɗo da ta tara a ƙarƙashin gado, sai ɗakin ya yi mata faɗi.

Clara, ma'aikaciyar laburaren da aka sallama, ita ta tare ta a tashar bas. "Kin ji mai zana mutuminki zai zo Birmingham? Alfred sunansa. Ya tsufa sosai, in za ki je ki je."

Ranar ta zo daidai da sunan jikar Anti Turai a Handsworth, wata unguwa a Birmingham ɗin. Gida ya cika da mata, ana ta rabon waina, ana gardamar wurin ajiye motoci. Kubura ta yi gaisuwa, ta wanke kwanuka, aka tambaye ta zancen uni sau uku. Bayan azahar ta saɓi jakarta, da komik ɗin a ciki, ta fice, ba wanda ya ce ina za ki.

Taron na masoya komik ne, a wani zaure a cikin gari. Mutane sun yi shigar jarumai, wani da fukafukan kwali, wata ta shafe fuskarta da kore. Nan ma dai ita aka fi kallo, da hijabinta da leshin suna. Layuka duk suna gaban teburan matasan masu zane. A can ƙarshe, kusa da ƙofar banɗaki, wani tsoho yana zaune da rigar sanyi, ga sunan Alfred a kan teburinsa, mutum ɗaya ne a gabansa. Ta tsaya a bayan mutumin.

"Tsakuwar nan fa?" mutumin yake tambaya.

"Mu haka muke yi," in ji tsohon. "Fure bushewa yake. Tsakuwa kuwa tana nan, duk wanda ya zo zai ga an zo. A lokacin, editana ya ce kada in kuskura in rubuta kalmar Bayahude, wai yara ba za su saya ba. Sai na bar kalmar, na zuba sauran."

Shi ke nan, ta ji. Ba sai ta tambaya ba. Ta juya za ta tafi.

"'Yata, wannan na hannunki ya sha karatu," in ji Alfred. "Kawo in gani."

Ta miƙa masa. Bangon duk salatif ne, ga hatimin laburare. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Na ɗauka Musulmi ne," ta ce. Ba ta san za ta faɗa ba. "Saboda likkafanin. Da zaman kwana bakwai. Mu ma muna yi."

Ya cire tabarau ya dube ta. Bai yi dariya ba. "Shekara nawa kina ɗaukar haka?"

"Tun ina ƙarama. Har suna na sa masa. Gidaɗo."

Ya gwada faɗa, harshensa ya kasa kama tsakiyar sunan. Ya sake gwadawa, ya girgiza kai. "Sai kin koya min. Me zan rubuta miki a ciki?"

Ya buɗe shafin farko, ya ɗora alƙalami, yana jira. Babu kowa a bayanta. Ta kama gefen hijabinta tana murzawa, ta dubi zanen, dogon mutum ya buɗe hannuwa a ƙasan wani bene.

"Baba," ta ce da Hausa, sannan ta koma Turanci. "Da ni ce na faɗo, haka, yadda kake ganina ɗin nan. Zai tare ni?"