Maris ɗin Yaya Hambali

Zinnira ta sake danna maɓallin. Shuɗin layin nan ya ɗan yi tafiya kamar abin kirki, sai ya tsaya cak, jan rubutu ya sake fitowa a ƙasan allon cewa an kasa ɗora manhajar. Ta ja tsaki, ba na tsoro ba, irin wanda ake yi wa akuyar gida idan ta sa baki a tukunya.

A shagon yayanta Hambali take zaune, a bakin tashar Gwarzo, inda yake zana katin biki da takardun shaida yana bugawa. Da sassafe ta taso daga Garo, ita da buhunan masara a mota ɗaya, don tun da aka cire tallafin mai direba ba ya tashi sai ya cika har bisa rufi. Wani kamfani mai rubuta manhajoji a Kano ne ya kira ta gwajin aiki ta intanet, yau bayan la'asar. Sharaɗinsu biyu ne. Za ta yi aikin a edita, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta, amma sigar gwaji, wadda masu ita ba su gama gyarawa sun sakar wa kowa ba. Sannan za ta maƙala mata wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira ekstenshan, wadda ta nan masu gwajin za su riƙa ganin abin da take rubutawa. Kamila, matar da ta kira ta daga kamfanin, ba ta ɓoye mata komai ba: in ba ekstenshan ba gwaji, kuma masu jira a layi suna da yawa.

Tata kwamfutar janareta ya ƙone ta a makon jiya, shi ya sa ta zo aron ta Yaya. Bai yi musu ba. Abu ɗaya kawai ya ce yana goge allon da gefen rigarsa.

"Komai kika ga dama ki taɓa, Auta. Banda agogo."

Ta ɗauka maganar lokacin salla yake yi, don da agogon nan na kusurwar allo yake tashi masallaci, kuma ko ladan bai fi shi daidai ba.

Editar da kanta ba ta ba ta wahala ba, a filashi ta zo da ita ta ɗora. Ekstenshan ɗin ne ya kafe. Zinnira kuwa ba yau ta fara faɗa da na'ura ba. A makarantar koyon kwamfuta ta Kabo ita ake kira idan abu ya gagari malamin, kuma ta san hakan, ba ta kuma cika yin tawali'u a kai ba. Ta fara da sabis, tunda shi ne ɓarawon da aka saba kamawa. Ta canja layi, ta ɗora wayar a kan taga, ta sake gwadawa. Shiru. Ta ce to, ko ƙofa ta ƙi ai akwai taga. Ta sauke fayil ɗin ekstenshan ɗin a wayarta, ta tura shi kwamfutar ta kebul, ta nuna wa editar shi da hannu. Wannan karon jan rubutun ya canja magana, ya ce ba a iya tantance sa hannun masu manhajar ba.

"Yauwa," ta ce a hankali. "Ka fara magana ke nan."

"Da ni kike?" in ji Hambali daga wajen firinta.

"Da wannan nake. Sigar gwajin ce ta fito da sabon hali, sai ta duba hatimin kowane ekstenshan kafin ta karɓa."

"Zai yi dai ko?"

"Zai yi mana, Yaya. Ni ce fa."

Ya yi dariya, ya ɗauki hularsa ya tafi azahar. Ita ma ta yi tata a bayan kanta, sannan ta dawo ta buɗe wurin da editar ke rubuta duk abin da ya faru da ita, ta bi layi-layi da yatsa. Can ƙasa ta ga abin da take nema. Editar tana cewa hatimin bai fara aiki ba tukuna, wai ranar da aka buga shi ba ta zo ba.

Hatimin da aka buga a watan jiya, ta yaya ranarsa ba ta zo ba? Ta kai kibiyar kan agogon kusurwa. Lokaci daidai yake, ko minti bai kuskure ba. Amma da kwanan wata ya fito a ƙarƙashinsa sai ta ga Maris, 2021.

Ta yi murmushin wanda ya kama zaren. Gyaran bai kai ɗaura ɗankwali ba. Har ta buɗe wurin canjawa sai maganar safe ta dawo mata, ta janye hannunta. Ta dubi alamar manhajar zanen Yaya a gefen allo, ta gane komai. Irin manhajojin nan ne da ake ba mutum wata guda ya gwada kyauta, in watan ya cika su kulle sai an biya da dala. Yaya bai bari watan ya cika ba. Kuma ta san irinsu: da zarar sun hango ainihin rana sau ɗaya, sun rubuta sun ajiye, ko an mayar da agogo baya ba za su sake buɗewa ba.

Shago ba kowa. Da ta danna, kafin ya dawo ekstenshan ya hau, sai ta ce kuskure ne. Zuciyarta ta raya mata hakan, kuma ta daɗe tana kallon maɓallin. Sai ta ture kujerar baya ta harɗe hannu.

Hambali ya dawo tare da wani dattijo, Malam Jibirin, shugaban wata Islamiyya a Sabon Birni. Zinnira ta gyara mayafi ta rusuna.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau. Ya gida, ya su Inna? An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Madalla. Allah ya yi albarka." Ya juya wajen Hambali. "To Malam Hambali, gobe da hantsi fa walimar saukar nan. Yara sun matsu su ga sunansu a takarda."

"Kafin magariba ka aiko, Malam. Saura kaɗan."

Da dattijon ya fita, Zinnira ta juyo da allon.

"Yaya, na gano ciwon. Shekararka ce."

Bai tambaye ta wace shekara ba. Ya cire hula ya ajiye a kan firinta, ya zauna a benci.

"Ba wata hanya?"

"Na duba. Sigar yau da kullum da ta kau da kai, amma ekstenshan ɗinsu ba ya hawa kanta. Ta gwajin kuma sai rana ta yi daidai. Ko in leƙa shagon Zailani na gaba in ari tasa?"

"Zailani?" Ya yi 'yar dariya. "Shi ai yana 2019. Duk layin nan kowa da shekararsa, Auta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci kowa ya mayar da watansa farko. Da me kike so mu biya su? Kin san dala kuwa?"

"Na sani."

"Kuma ba sata ba ce. Su suka ce a gwada wata guda. Ni ko nawa watan bai ƙare ba."

Zinnira ta danne dariya. Yaya Hambali fa yana cikin kwamitin da ke zaga kasuwa ranar da take ci ana duba mudun 'yan hatsi, kuma an san shi da rashin ɗaga ƙafa.

"Yaya, ba kai ne kake kifa mudu kana duba ko an buga gindinsa ba?"

"Wannan daban."

"Shi ma mai mudun haka yake ce maka."

Ya harare ta, amma hararar ba ta yi nisa ba. Ta matso da kujera ta zayyana masa yadda za a yi, don tun yana masallaci ta gama tsarawa. Yanzu za su ƙarasa takardun Malam Jibirin, a mayar da su irin fayil ɗin da firinta ke bugawa ba sai da manhajar ba. Tsofaffin zanensa za ta fitar da abin da zai fitu, amma ba za ta yi masa ƙarya ba, wasu za su tafi, wasu kuma su dawo a karkace. Sannan akwai wata manhajar zane ta kyauta, kyautar gaske, wadda ba ta da wata. Za ta ɗora masa ta koya masa.

"Da furfurata zan koma aji ɗaya? Da wannan ko ido a rufe ina zana kati. Abincin gidana ke nan, Zinnira."

Ba kasafai yake kiran sunanta ba. Ta sauke murya.

"Kwamfutarka ce, Yaya. In ka ce a'a, in kira Kamila in ce a ba wani. Wallahi ba zan riƙe ka ba."

Da gaske take. Gwajin nan ta san za ta ci shi. Abin da ke mata ciwo ke nan, da tana shakkar kanta da sauƙi.

Hambali ya miƙe daga benci. Ya ce ta ba shi kujerar. Ya buɗe manhajarsa, ita kuma ta tsaya a kansa tana karanto sunayen yaran yana shigarwa. Ba ta taɓa tsayawa ta kalli aikinsa ba sai yau. Hannun hagu na kan maɓallai, na dama na jan layi, ba ya ko duba inda yatsunsa ke sauka. Zanen ganye ya zagaye takarda, rubutun ajami ya zauna a tsakiya daram. Ta ji kunyar yadda ta ce masa za ta koya masa, kamar abin na kwana biyu ne.

Da suka gama na Islamiyya bai tsaya ba. Ya shiga buɗe tsofaffin ayyuka yana cewa ta nuna masa yadda ake fitarwa. Katin wani aure a garin Durun, kalandar 'yan tasha, allon wani kemis. Ta gane amsarta ke nan. Wasu suka fita lafiya. Wasu suka ƙi, ya dube su ya wuce. Wutar gwamnati ta ɗauke a tsakiyar aiki, batirin ya riƙe. Rana ta karkata, inuwar rumfar masu lemo ta fara shigowa ƙofar shago.

"Kin san abin da nake so da ita?" ya ce, idonsa na kan allo. "A cikin nan ba a cire tallafi ba. Mai yana araha, mutum ya je Kano ya dawo bai yi tunani ba." Ya buɗe wani zanen. "A cikin nan Baba ma yana nan."

Zinnira ba ta kawo wannan a ranta ba. Baba ne ya sayar da bijiminsa ya saya wa Hambali kwamfutar a wancan Maris ɗin, ya zo har shagon nan ya zauna a bencin nan yana kallon yadda takarda ke fitowa daga firinta. Da damina ta tsaya, a watan Yuli, ya rasu. Idonta ya ciko, ta juya tana gyara kebul ɗin da ba abin da ya same shi.

Ladan ya kira la'asar. Hambali ya rufe manhajar zanen, ya buɗe wurin kwanan wata da kansa.

"Yau nawa ga watan bature? Na musulunci kawai na riƙe."

Ta faɗa masa, ta ƙara da cewa zai iya rubuta shekarar kai tsaye. Bai yi hakan ba. Ya sa kibiya yana tura watannin ɗaya bayan ɗaya. Afrilu, Mayu, Yuni. Da ya zo Yuli yatsansa ya tsaya, leɓensa ya motsa da addu'a, Zinnira ta ce amin a ranta. Sannan ya ci gaba da dannawa, shekarun suna wucewa, har ya iso yau. Ya tashi ya ba ta wuri.

Ta danna maɓallin. Shuɗin layin ya tafi bai waiwaya ba, ekstenshan ya hau ya zauna a gefen edita kamar dama can gidansu ne. A ɗaya kusurwar kuma wani ɗan akwati ya ɓullo daga manhajar zanen, yana sanar da cewa lokacin gwaji ya ƙare. Hambali ya karanta shi har ƙarshe, ya miƙa hannu ta kan kafaɗarta ya rufe.

"Yi sallarki ki zauna," ya ce. "In kin gama da mutanen Kano sai ki nuna min inda ake fara jan layi a waccan ta kyautar. Kuma kar ki ba ni kunya."

"Ni ce fa, Yaya," ta ce, amma muryar ba ta fita yadda ta saba ba.

Ya ɗauki hularsa ya fita. Tana shimfiɗa abin salla wayarta ta yi ƙara, saƙon Kamila ne cewa suna ganinta, ta shirya. Daga waje ta jiyo Zailani yana zuba ruwa a buta.

"Malam Hambali, ya aiki? Yau ban ji ɗuriyarka ba."

"Tafiya na yi, Zailani."

"Tafiya kuma? Zuwa ina?"

"Bana na zo," in ji Hambali. "Ba daɗi, amma an iso."