Garo Ya Ci Abincin Biki

Likitar dabbobi Biljana ta fito daga ɗakin tiyata riƙe da tasa, ta dangwarar da ita a gaban Stanimir. Ganyen kabeji ne a ciki da shinkafa da nama, duk a cakuɗe da yawu.

"Sau biyu na tambaye ka, malam. Ka ce tun jiya karenka bai sa komai a bakinsa ba."

"Bai ci ba! Da hannuna na ɓoye kwanonsa."

"To ni na dafa masa wannan? Allurar barci na shiga jikinsa ya fara amai, wani ya gangara huhu. Ƙarin da za a cire masa a ciki ko taɓa shi ban yi ba. Yana kan iskar numfashi, ban yi maka alkawarin komai ba."

Shekara goma sha ɗaya karensa Garo yana kwana a bakin ƙofarsa. Stanimir ya ƙura wa kabejin ido har ya gane naɗin. Mutum ɗaya ce a duk unguwarsu take naɗe sarma, wato nama da shinkafa cikin ganyen kabeji, ƙanana haka.

Ranar slava ce, bikin waliyyin gidansu. Da ya koma gida ya tarar da falo cike da baƙi, kyandir na ci. Mahaifiyarsa Radojka tana ɗakin girki tana juya tukunya.

"Mama, nawa kika ba shi?"

"Wa?"

"Kada ki raina mini hankali!"

"Uku kacal. Haba ɗana, yau slava! Tun zamanin kakanka babu bakin da ke wuni da yunwa a gidan nan, ko na kaza. Yana ta kallona da idanun nan, in yi yaya?"

"Na gaya miki. Har rubutawa na yi, na manna a firji!"

"Likitocin yanzu! Wa ya taɓa mutuwa don ya ci abinci?"

Wayarsa ta yi ƙara. Biljana ce: Garo ya farfaɗo, yana numfashi da kansa. Aiki sai bayan sati uku, kuma ranar a asibiti zai yi azuminsa, ba a gidansu ba.

Radojka ta riga ta ciko kwano ta rufe da faranti.

"Ka gani? Ungo, kai masa. Zai tashi da yunwa."

Stanimir ya karɓi kwanon. Ya ratsa ta tsakiyar baƙi, ya buɗe ƙofar baya, ya kife shi a gaban kaji.